Ruwan haidurojin a baki: yaushe yake magani, yaushe yake ƙuna?

Shin mutum zai iya kurkure bakinsa da ruwan haidurojin, wannan da ake saye a kemis don wanke ciwo, ba tare da ya cutu ba? Tambayar ta fara yawo sosai a lokacin annobar korona, sa'ad da aka riƙa tura saƙonni ta WhatsApp ana cewa kurkure maƙogwaro da shi yana kashe cutar tun kafin ta sauka ƙirji. Yanzu kuma ta sake tasowa da bidiyoyin TikTok da Facebook, inda ake koya wa matasa, musamman amaren da biki ya matso, su kwaɓa shi da bekin soda ko ruwan lemon tsami su goge haƙora don su yi fari tas kafin ranar ɗaukar hoto.

A nan Kaduna, duk inda zancen ya taso za ka ji mutane sun kasu biyu. Wasu na cewa ai likitocin haƙori da kansu suna aiki da shi, kuma yana cikin wasu nau'o'in makilin da ruwan kurkure baki da ake sayarwa a manyan kantuna, don haka babu abin tsoro. Wasu kuma na cewa abin da ake koɗe launin gashi da shi a shagon gyaran kai ba shi da hurumin shiga bakin ɗan Adam. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma abin da ya hana su haɗuwa shi ne suna kiran abubuwa mabambanta da suna ɗaya. Amsar tambayar tana rataye ne a kan ƙarfin ruwan da ke cikin kwalbar, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana amfani da shi, da kuma ko an tofar ko an haɗiye.

Mene ne wannan sinadari?

Cikakken sunansa haidurojin faroksaid, masana kuma suna rubuta shi H2O2. Ruwan da muke sha H2O ne, saboda haka bambancin da ke tsakaninsu ƙwayar oksijin guda ɗaya ce tak, sai dai wannan ƙwaya ba ta zauna daram ba, kullum neman hanyar ficewa take yi. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa mai suna Louis Jacques Thénard ne ya gano shi a shekarar 1818, kuma tun daga ƙarni na 19 ake amfani da shi wajen koɗe launi da tsabtace rauni.

Idan ya rabu, ruwa da iskar oksijin kawai yake bari, wanda shi ya sa masu tallarsa ke cewa ba ya barin guba a jiki. Wannan gaskiya ne a kan abin da ya rage bayan ya gama aiki, amma ɓarnar tana faruwa ne a lokacin rabuwar. A wannan ɗan taƙin yana sakin wasu ƙwayoyi masu cin duk abin da suka tarar: suna fasa jikin ƙwayoyin cuta, suna wargaza launin da ya kama haƙori, suna kuma ƙona naman dasashi idan sun yi yawa. Sinadarin ba ya bambance na gida da baƙo.

Jikinmu ma yana samar da shi ɗan kaɗan, domin fararen ƙwayoyin jini suna yaƙar cuta da shi. Don kada ya juyo ya cutar da mai shi, Allah ya sanya wa jiki wani sinadari mai suna katalas, wanda ke cikin jini da sauran sassan jiki, kuma aikinsa shi ne ya rusa haidurojin nan take ya mayar da shi ruwa da iska. Wannan garkuwa ce ta sa ɗan kaɗan ba ya illa, amma tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka a lokaci guda.

Kumfar da ke ruɗin mutane

Duk wanda ya taɓa ganin an zuba haidurojin a kan ciwo ya san yadda yake tafasa ya yi farar kumfa yana ƙara sii. A wurin yawancinmu wannan kumfa ita ce shaidar cewa magani ya kama aiki, har ana cewa ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, kuma in kumfar ta yi yawa sai a ce ciwon ya ruɓe sosai. Haƙiƙanin abin da ke faruwa shi ne katalas ɗin da ke cikin jini ne ya haɗu da ruwan yake rusa shi, iskar oksijin tana fita. Ko jinin mai cikakkiyar lafiya aka ɗiga wa, haka zai yi kumfa, haka ma ɗanyar hanta a teburin mahauci.

Tarihin likitanci ya adana wani misali a kan wannan. A shekarun 1940 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Japan mai suna Shigeo Takahara ya zuba haidurojin a kan gyambon bakin wata yarinya, sai ya ga babu kumfa ko kaɗan, jinin wurin kuma ya rikiɗe ya yi baƙi-baƙi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa an haife ta ba tare da isasshen katalas ba, wata lalura ce ta gado da ba a cika samu ba. Bakinta cike yake da ƙwayoyin cuta, amma kumfa ba ta tashi ba, domin ba su ne ke tayar da ita ba a irin wannan yanayi.

Duk da haka kumfar tana da nata amfanin, domin tana ɗago guntun abinci da mataccen nama da busasshen jini daga lungunan da buroshi ba ya kaiwa. Inda take cutar da mu shi ne mai dasashi mai zubar da jini zai ga bakinsa ya cika da kumfa duk safiya, ya ɗauka yana samun sauƙi, alhali jinin da ke fita ne kawai ke tayar da ita, cutar kuma tana nan tana cin ƙashin da ke riƙe da haƙoransa.

Ƙarfinsa hawa-hawa ne

Nan ne gundarin maganar. Ana auna ƙarfin haidurojin da kason sinadarin a cikin ruwa. Ruwan kurkure baki na kamfani da aka yi don wannan aiki, irin su Peroxyl na kamfanin Colgate, yana ɗauke da kashi 1.5 cikin 100. Na wanke ciwo da ake sayarwa a kantin magani yana zuwa da kashi 3 ko kashi 6. Wanda ake haɗa rinin gashi da shi yakan kama daga kashi 6 zuwa 12. Likitan haƙori a wasu ƙasashe yana iya amfani da mai kashi 25 zuwa 40 don faranta haƙora, amma sai ya fara rufe dasashi da wani abin kariya, ya shafa a kan haƙori kaɗai, yana tsaye yana lura da agogo. Akwai kuma mai kashi 35 da ake sayar wa masana'antu don tsabtace mazubin abinci, wanda wasu ke tallatawa a intanet a matsayin maganin sha.

Wasu kwalaben ba sa rubuta kaso ƙarara, sai su rubuta "10 vol" ko "20 vol". Ma'anar wannan ita ce yawan iskar oksijin da ruwan zai iya fitarwa: mai "10 vol" yana fitar da iskar da ta ninka yawansa sau 10, kuma shi ne mai kashi 3, mai "20 vol" shi ne mai kashi 6, mai "30 vol" kashi 9, mai "40 vol" kashi 12. Wannan ɗan rubutu shi ne abu mafi muhimmanci a jikin kwalbar, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa.

Mu dubi yadda cinikin yake gudana a ƙaramin kemis na unguwa, a Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo. Mace ta tsaya a bakin kanta ta ce, "Malam, a ba ni haidurojin." Mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko 'yar kwalba mai duhu daga kusa da auduga da filasta, ya ce, "Ga shi, Hajiya," ta biya ta tafi. Bai tambaye ta ko na ciwo take so ko na baki ba, ita ma ba ta duba ko mai 3 ne ko mai 6 ba. In ta koma gida ta bi bidiyon da aka ɗauka a Amurka, inda kwalbar da aka saba da ita mai kashi 3 ce, kuma mai bidiyon ya ce a zuba ruwa daidai da shi, to ita da ke riƙe da mai kashi 6 za ta kurkure da ninkin abin da ake nufi. In kuwa ta ga cewa surki ɓata ƙarfin magani ne ta kurɓa shi zalla, ta sa wa bakinta ninki huɗu na abin da kamfani ke zubawa a ruwan kurkure baki.

Lissafin ba shi da wuya. Mai kashi 3 yana komawa 1.5 idan aka haɗa awo ɗaya da awo ɗaya na ruwa, mai kashi 6 kuwa sai an haɗa awo ɗaya da awo uku na ruwa. Kundin magunguna na Birtaniya, wanda likitoci da masu harhaɗa magani na Najeriya suka san shi sarai, ya fi haka yawan ruwan surki: mililita 15 na mai kashi 6, wato cokalin cin abinci ɗaya, a cikin rabin kofi na ruwan ɗumi, a kurkure na minti 2 zuwa 3, sau biyu ko uku a rana. Lamarin kamar na kanwa ne a tukunyar wake, kaɗan ta nunar, in ta zarce ta ɓata girkin.

Akwai kuma batun ajiya. Haske da zafi suna rusa sinadarin tun yana cikin kwalba, shi ya sa ake zuba shi a mai duhu. Kwalbar da aka buɗe aka bari a kan taga cikin zafin watan Maris da Afrilu tana iya komawa kusan ruwa zalla, don haka wanda ya saba da tsohuwar kwalba ba ta yi masa komai ba, ranar da ya sayi sabuwa yana iya shan mamaki.

Yadda hukumomi suka saɓa

Ko ƙasashen da suka fi mu bincike ba su tsaya a matsaya ɗaya ba. Tarayyar Turai, bisa shawarar da kwamitin masananta ya bayar a 2007, ta yi doka a 2011 wadda ta fara aiki a 2012. Dokar ta ce kayan kula da baki da kowa zai iya ɗauka a kanti a matsayin kayan kwalliya da tsafta kada su wuce kashi 0.1. Daga nan zuwa kashi 6, likitan haƙori kaɗai za a sayar wa kayan faranta haƙori, shi zai duba bakin mutum ya fara yi masa da hannunsa, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da ya haura kashi 6 an hana shi a kayan faranta haƙori gaba ɗaya. Ruwan kurkure baki mai kashi 1.5 yana nan a Turai, amma a ajin magani yake, mai umarni da iyakar kwanaki.

Amurka ta fi sakin hannu. A can ana sayar da mai kashi 1.5 zuwa 3 don wanke ƙananan raunukan baki ba tare da takardar likita ba, kuma ana samun kayan faranta haƙori na gida da ƙarfinsu ya wuce abin da Turai ta yarda da shi. Hujjar masu sassauci ita ce an shafe shekaru da dama miliyoyin mutane suna amfani da waɗannan kayayyaki, kuma illolin da aka fi gani masu wucewa ne. Hujjar masu tsanantawa ita ce mai saye ba ya ganin cikin bakinsa, bai san yana da kogon haƙori ko dasashi mai ciwo ba, kuma ba ya tsayawa inda takarda ta ce ya tsaya.

A ganina hujjar Turai ta fi dacewa da halin da muke ciki, domin akasarin mutanenmu ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci, kuma bakin da ba a taɓa dubawa ba shi ne ya fi saurin cutuwa. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun yi ittifaƙi a kan cewa mai rauni, na 'yan kwanaki, wanda ake tofarwa, ba abin tsoro ba ne ga baligi mai lafiya. Babu kuma ɗaya daga cikinsu da ya yarda a mayar da ruwan wanke ciwo abin kurkure baki na kullum.

Inda yake da amfani na haƙiƙa

Babban wurin da aka san amfaninsa shi ne wata cutar dasashi mai zafi, wadda ke sa naman da ke tsakanin haƙora ya ruɓe ya yi toka-toka, ya riƙa zubar da jini, baki ya yi wari mai tsanani. Ƙwayoyin cutar da ke haddasa ta ba sa son iskar oksijin, don haka haidurojin da aka surka yana taimakawa wajen wanke wurin, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita zai rubuta da kuma kankare dattin haƙora a asibiti. Yana kuma da amfani ga ƙananan gyambunan baki da gurzuwar da haƙorin roba ko wayar gyaran haƙora ke jawowa. A duk waɗannan, umarnin da ke jikin kayan kamfani shi ne kada a wuce kwana 7 ba tare da ganin likita ba.

Wajen hana dattin da ke manne wa haƙora taruwa kuwa, nazarce-nazarcen da aka tattara sun nuna cewa bai kai kilohezidin ba, wani ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta, sai dai shi kuma yana rina haƙora idan aka daɗe ana amfani da shi. Babu ruwan kurkure bakin da ke maye gurbin buroshi da makilin mai fuloraid, wato sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ko asuwaki da aka iya amfani da shi. Dattin da ya riga ya daskare ya zama dutse a gindin haƙori kuwa, sai ƙarfen likita.

Batun korona gajere ne. A 2020 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta shawarci mambobinta su sa majiyyaci ya kurkure da mai kashi 1.5 kafin a fara masa aiki, don rage abin da zai fantsamo wa ma'aikata. Kandagarki ne na ɗakin aiki, kuma ba a tabbatar cewa kurkurar tana hana kamuwa da cutar ko tana warkar da ita ba.

Neman farin haƙori

Gaskiya ne haidurojin yana faranta haƙora, kuma shi ne ginshiƙin kusan duk hanyoyin da likitoci ke bi. Tun 1989, lokacin da wasu likitocin haƙori biyu a Amurka, Haywood da Heymann, suka wallafa hanyar sanya wa haƙora wani mazubi na roba da dare mai ɗauke da kabamaid faroksaid na kashi 10, wannan aiki ya bazu a duniya. Shi kabamaid faroksaid yana narkewa ne a hankali ya saki haidurojin, kuma mai kashi 10 yana ba da kusan kashi 3.5. Sirrin hanyar shi ne sinadarin yana da kauri, yana zama a kan haƙori na sa'o'i, mazubin kuma an auna shi da bakin mutum don kada ya malala kan dasashi.

Kurkurar minti ɗaya ba ta yin wannan aiki. Ruwan yana taɓa haƙori na ɗan lokaci, amma yana jiƙa dasashi da harshe da cikin kumatu gaba ɗaya, wato naman da ba a nufa ba shi ke ɗaukar mafi yawan ƙarfin. Wanda bai ga canji ba sai ya ƙara ƙarfi ko ya ƙara kwanaki, daga nan ne ƙuna ke farawa.

Sannan ba kowane duhun haƙori ne iri ɗaya ba. Jan goro da baƙin shayi da hayaƙin taba suna kama bayan haƙori ne, kuma wankin asibiti yana cire mafi yawansu ba tare da wani sinadarin koɗewa ba. Akwai launin da ke cikin jikin haƙorin, irin wanda ke samun waɗanda suka tashi da shan ruwan rijiya mai yawan fuloraid, kamar yadda aka sani a yankin Langtang na jihar Filato, ko waɗanda aka ba maganin tetarasaikilin suna ƙanana. Wannan ba ya jin kurkura. Haƙorin da ya yi duhu shi kaɗai bayan faɗuwa ko duka, alama ce jijiyarsa ta mutu, kuma aiki yake buƙata. Cikon haƙori da haƙorin roba ba sa canja launi, don haka mai su zai iya ƙarewa da baki mai launi biyu.

Haɗin da ya fi damuna shi ne na lemon tsami. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori yana fara narkewa idan tsami ya sauka ƙasa da 5.5 a ma'aunin tsami, ruwan lemon tsami kuwa yana wajen 2 zuwa 3. Idan aka tausasa ɓawon da tsami sannan aka bi shi da gurza, ana kankare shi ne, kuma ba ya sake tsirowa. Abin takaici, ƙashin da ke ƙarƙashinsa rawaya ne, don haka yarinyar da ta yi haka don bikin mako guda tana iya wayar gari bayan shekaru da haƙoran da suka fi na da rawaya, ga tsami duk lokacin da ta sha ruwan sanyi.

Illoli, da maganar ciwon daji

Illar da aka fi gani ita ce tsamin haƙora da zugin dasashi. Idan ruwan ya yi ƙarfi, gefen dasashi yana yin fari fat cikin 'yan mintuna kamar an shafa alli, da raɗaɗi, wani lokaci fatar wurin ta saɓule washegari. Ƙaramar ƙuna tana warkewa da kanta idan an daina, amma maimaitawa tana jawo gyambo. Daɗewa ana kurkurewa yana iya sa bayan harshe ya yi duhu ya yi kamar ya fito da gashi, abin da ke tsorata mai shi ko da yake yana gushewa bayan an bari. Wanda aka cire wa haƙori kuma kada ya kusance shi sai da izinin likita, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne farkon warkewa, kumfar kuma tana iya tumɓuke shi.

Game da ciwon daji, hukumar binciken cutar ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya haidurojin faroksaid a rukuni na 3 a nazarinta na 1999, wato hujjojin da ke akwai ba su isa a lissafa shi cikin masu haddasa cutar ga ɗan Adam ba. Tsoron ya samo asali ne daga gwaje-gwajen dabbobi, ciki har da wani na shekarun 1980 da aka shafa mai kashi 30 a kumatun wasu ƙananan dabbobi tare da wani sinadari da aka san yana jawo cutar. Wannan ya yi nisa da kurkurar mako guda da mai kashi 1.5. Amma kwamitin Turai ya ja hankali a kan masu shan taba da barasa, waɗanda bakinsu ya riga ya shiga haɗari, kuma mu a nan sai mu ƙara da masu shisha da masu cusa garin taba a leɓe.

Idan aka haɗiye

Ɗan abin da ya zarce maƙogwaro daga ruwan da aka surka ba ya wuce tashin zuciya ko kumburin ciki. Mai ƙarfi kuwa lamarinsa daban ne. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kashi 35 yana iya sakin iskar da ta haura lita ɗaya da rabi a cikin ciki, ya ƙona maƙoshi da tumbi, kumfar iskar kuma tana iya kutsawa cikin jijiyoyin jini ta toshe hanyar zuciya ko ƙwaƙwalwa. An samu mace-mace ta wannan hanya, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2006. Duk mai tallar shan haidurojin don wanke jini ko maganin wata cuta, a guje shi.

Ruwan ba shi da launi, don haka juye shi a gorar ruwan sha ganganci ne a gidan da ke da yara. Idan yaro ya sha, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada kuma a ɗura masa manja kamar yadda aka saba, domin amai yana sake ƙona hanyar da ruwan ya bi, man kuma yana iya faɗawa huhu. A wanke masa baki, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti tare da shi. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. Yaran da ba su kai shekara 6 ba, ba a ba su kowane irin ruwan kurkure baki, domin ba su iya tofarwa ba, mai haidurojin kuwa ko ɗan shekara 10 ne sai da umarnin likita. Mai juna biyu ta jinkirta faranta haƙora har ta sauka.

Abin da ya rage a wuyanmu a Kaduna

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 kuma take da ɗakin gwaje-gwaje a nan Kaduna, ita ke yi wa magunguna da kayan kwalliya rajista, kuma kowane ruwan kurkure baki ko makilin na halal yana ɗauke da lambarta. Haɗin da ake zubawa a 'yan robobi marasa suna ana tallatawa a Instagram da sunan maganin farin haƙori ba ya bin ta wannan ƙofa, babu wanda ya san kason da ke ciki, wataƙila har da wadda ta haɗa shi. Hukumar PCN mai ba wa kantunan magani lasisi tana da damar sa masu kemis su riƙa yin tambaya ɗaya kafin su miƙa kwalba, wato me za a yi da shi, kuma masu shigo da shi da masu sarrafa shi za su iya rubuta ƙarfinsa da yadda ake surka shi da manyan baƙaƙe, har da Hausa. Faranta haƙora da sinadari mai ƙarfi aikin likitan haƙori ne mai rajista, ba na shagon kwalliya ba.

Akwai kuma waɗanda ya kamata su ajiye kwalbar su nufi sashen haƙori, ko a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin gwamnati mafi kusa: mai dasashin da ke jini duk lokacin da ya goge baki, da mai haƙori mai girgiɗi, da mai warin bakin da ya ƙi jin wanki, da mai gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar hanzartawa, domin cutar dasashi tana saurin yin nisa a jikinsa.

Na yara ya fi gaggawa. Cutar noma, wadda ke cinye naman baki da fuska, da ciwon dasashi take farawa a jikin yaro mai fama da tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, kuma tana iya huda kumatu cikin 'yan kwanaki. Arewa maso yammacin Najeriya na cikin yankunan da ta fi addaba, shi ya sa aka kafa mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. A matakin farko ana iya tsayar da ita da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da wankin baki a hannun ma'aikacin lafiya. Uwar da ta ga dasashin ɗanta ya kumbura yana jini, bakinsa yana wari, yana dalalar da miyau yana ƙin abinci, ta kai shi asibiti a ranar, kada ta tsaya gwada haidurojin a gida.